Mai Gogen da Ba a Jin Ƙafarta

Yayana Sveinung ya fi kowa taurin kai a kwarinmu. Ni ce ta biyu, saboda haka na san abin da nake faɗa. Shekara sittin yana zaune kan kujera yana jan goge jama'a na rawa, ni kuma tun ina 'yar shekara bakwai nake cikin masu juyawa a gabansa. Shekara uku da suka wuce sanyin ƙashi ya kama masa yatsu. Ya rataye gogen a bango kusa da agogo, ya ce kada wanda ya sake ɗauko masa zancen. Ba mu ɗauko ba.

Sunansa kawai ya rage a hannunsa, shi ma ya ƙanƙame. Mu nan ba a jan take haka siddan. Kafin mai goge ya fara sai ya faɗi daga hannun wa ya karɓa. Sveinung yakan ce, “Daga hannun Kittil Brekka, shi kuma daga hannun Tov Slettemo,” sannan ya ɗora baka kan tsirkiya. Ya koyar da yara sun fi ashirin, amma babu wanda ya yarje wa ya ce “daga hannun Sveinung Uppigard.” Sharaɗinsa shi ne wanda Kittil ya gindaya masa yana saurayi: ka zauna a ɗakin taro ranar rawar Lahadi, ka ja take, mutane su miƙe don kansu ba wanda ya roƙe su, su kuma tsaya a fili har taken ya ƙare. Yawancin yaran sun tafi birnin Oslo kafin su kai nan. Biyu sun gwada. Ɗaya yanzu tuƙin jirgin ruwa yake, ɗayan kuma ya daina gaishe mu.

Sai ga Chizuru.

Wasiƙarta ta farko ta zo daga birnin Kobe na ƙasar Japan shekara tara da suka wuce. Mijinta Shinpei ne ya tsinci wani tsohon kaset na Sveinung a shagon gwanjo ya kai gida. Ta saurara sau ɗaya, ta ajiye irin gogen da ta yi shekara ashirin tana ja, ta sa aka yi mata irin namu mai tsirkiya tara. Har yarenmu ta koya don ta iya damun tsohon da tambayoyi. Takan ɗauki kiɗanta a na'ura ta aiko, ya saurara a kicin yana tsuke fuska, ya faɗi gyara, ni in rubuta. Gyaransa ba ya wuce layi biyu. Amsarta kan kai shafi huɗu, rabi duk godiya.

A can su biyar ne masu jan gogenmu. Duk Asabar ɗin ƙarshen wata suna wasa a wani shagon kofi, suna da ɗalibai goma sha biyu, Shinpei kuma ba ya fita sai da takardun talla a jaka. Da idona na ga ya miƙa wa direban bas ɗinmu guda, alhali da rubutun Japan take. A watan Oktoba za su yi taron rawa na farko, mutum arba'in sun riga sun rubuta suna. Ya nuna mini takardar taron a wayarsa: hoton Chizuru, sunanta, sai wani farin fili a ƙasa.

“Nan fa?” na ce.

“Wurin sunan Malam ne,” in ji shi. “In ya yarda.”

Abin da ya kawo su ke nan a watan Yuli. Sati biyu gare su, wato Lahadi biyu.

A gidana suka sauka, a ɗakin sama. Gidan iyayenmu ne. Sveinung yana ɗan ƙaramin gidan da ke ƙetaren tsakar gida. Da ya shigo, Chizuru ta rusuna har na ji tsoron goshinta zai bugi tebur, ta ce, “Malam.” Mu nan ko firaminista da sunansa muke kiransa, saboda haka Sveinung ya waiga bayansa ya ga ko da wani take. Ni kuma ta maƙala wa sunana wata 'yar wutsiya ta girmamawa, na zama Aslaug-san. Na ce ta daina. Ta ce to, Aslaug-san.

A kicin ta ja masa taken “Bunsurun Tov.” Ni ba mai saurin yabo ba ce, amma sai da na ajiye butar kofi. Duk wata lanƙwasa da Sveinung ke yi, duk wata 'yar karkarwar yatsa da na ɗauka ta tafi tare da yatsunsa, ga ta nan daram. Da ta gama Sveinung ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin tebur kamar wanda ya yar da cokali, ya ɗago ya ce, “Ba laifi.”

Jikinta ya yi sanyi. Na ja ta gefe na ce, “Ke, kwantar da hankalinki. Ranar da na haifi ɗana na fari ya zo ya duba jaririn, abin da ya faɗa ke nan.”

Ranar Lahadi ƙarfe uku na rana muka nufi ɗakin taro a motata. Tun a hanya Sveinung ya ja mini kunne.

“Kada in ga kin tashi don tausayi. Sai kin ƙirga mutum shida a fili.”

“Ni za ka koya wa zaman ɗakin rawa?”

“Na san ki ne.”

Mutum kusan hamsin muka tarar. Bergit, wadda kicin ɗin ɗakin taro ke hannunta, ta jera kofi da waina da cuku. Wata mai goge daga kwarin da ke maƙwabtaka da mu ta fara, fili ya cika, aka yi gumi. Sannan aka ba Chizuru kujera. Ta zauna da 'yan takalmanta na yadi masu laushi, ta faɗi sunan taken kawai, tunda ba ta da wani sunan da za ta ɗora, ta fara.

Ɗakin ya yi tsit. Cokula suka daina motsi a kofuna. Na rantse ban taɓa jin “Bunsurun Tov” ya fito da tsabta haka ba, har a hannun mai shi. Amma ƙafata ta nemi inda za ta shiga ta rasa, kamar ka zo hawa bene ka lalubi matakalar farko ka ji babu. Na dubi na kusa da ni, kowa ya karkata kai yana saurare, babu wanda ko gyara zama ya yi. Bergit mai taushin zuciya ta fizgo mijinta Eilev suka fita. Sun yi rabin zagaye Eilev ya rikice, ya tsaya, ya shafa gwiwarsa wai ita ce ta motsa, suka koma suka zauna.

Da ta gama aka yi mata tafi. Tafi, a ɗakinmu na rawa! Gara a jefe ka da waina. Chizuru ta miƙe ta rusuna sau uku tana murmushi, amma ta fahimta. Muna isa gida ta haye sama, Shinpei kuma ya tsaya a kicin yana wanke kofunan da na riga na wanke.

Washegari na tarar da Sveinung yana jera itace.

“Ka san abin da ya ɓace, ko?”

“Na sani.”

“To faɗa mata mana.”

“Kittil bai faɗa mini komai ba.”

“Kittil ya yi shekara arba'in a ƙasa, kuma ko da ransa ba wanda ya shaide shi da hankali.”

“In an faɗa wa mutum, kansa ne ya sani. Ni jikinta nake so ya sani.”

“Jirginsu Litinin mai zuwa ne, tsoho. Lahadi ɗaya ta rage.”

Ya ɗauki wani itacen ya ɗora. Na koma gida ina cika ina batsewa, kuma in za a bi gaskiya rabin haushin na kaina ne. Shekara sittin da uku ina rawa, amma na kasa gane abin da ya hana ƙafata tashi.

Na zauna feraye dankali a kicin. Chizuru tana sama, daidai kaina, tana ta maimaita taken. Na feraye uku, na huɗu yana hannuna sai idona ya kai kan kanta inda kofuna suke rataye. Ko motsi ba sa yi. A wannan ɗakin na sama Sveinung ya koyi goge, kuma duk ranar da ya zauna ja sai mahaifiyarmu ta sauke kofunan nan ta rufe tukunyar miya, don ƙura kan zubo daga silin. Na yar da wuƙar na haye sama, ko ƙwanƙwasa ƙofa ban yi ba.

Tana zaune a bakin kujera, gwiwoyi a haɗe, ƙafafu biyu jere cikin safa a kan tawul da aka ninka huɗu. Babban yatsanta kaɗai ke ɗan motsi a cikin safar.

“Ina ƙafarki?” na ce.

Ta dubi ƙasa. “Ga ta, Aslaug-san.”

“Na ga ƙafa. Ina dukan?”

Rawarmu taku uku ce, amma ba su kai juna tsawo ba, kuma gogen yawo yake yi, ya hau nan ya karkata can. Ba shi mai rawa ke bi ba. Dunduniyar mai gogen ce ke gaya maka inda za ka sauke ƙafa. Duk shekarun nan da take aiko mana kiɗa ba mu jin dukan, mun ɗauka na'urarta ce ba ta ɗauko ba.

“Na san ana buga ƙafa,” in ji ta a hankali. “Ina bugawa a zuciyata.”

“A zuciyarki? To mu masu rawa sai mu shiga zuciyar taki mu saurara?”

Shinpei da ke tsaye a bakin ƙofa ya yi gyaran murya, ya ce shi zai yi bayani. A hawa na huɗu suke zaune. Watan farko da Chizuru ta fara koyo, tana dukan daɓe yadda ta ji Malam na yi a kaset. Wata safiya suka buɗe ƙofa suka tarar da ƙunshi an naɗe shi da takarda mai kyau, daga Mitarai-san, wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai a ƙasansu. A ciki silifa ne masu tafi mai kaurin burodi, da ɗan kati tana yi wa ƙafafun Chizuru fatan ɗumi.

“To sai me?” na ce. “Kyauta ce ai.”

“Aslaug-san,” in ji Shinpei, “a watan Agusta ne fa. Mutane na faɗuwa a titi don zafi.”

Na yi dariya har sai da na zauna a bakin gado. Chizuru ma tana dariya, tana rufe fuska da hannu. “Sati biyu ina leƙa matakala kafin in sauka,” in ji ta, “don kada mu haɗu.”

“Ta taɓa yi miki magana a kai?”

“A'a! Ai ta riga ta yi.”

Nan na daina dariya. Tausayinta ya kama ni sosai. Shekara tara ta ɗaure ƙafarta don kada ta dami tsohuwa guda, ga shi ta ƙetare rabin duniya ladabin nata ya biyo ta ya tsaya tsakaninta da abin da ta zo nema. Na ce ta tashi ta naɗe tawul ɗin nan kafin in ƙona shi.

Na ba ta takalmana na rawa, na fata masu dunduniyar katako. Sun yi mata yawa, muka cusa ulu a baki. Na kai ta rumbun ciyawa, inda daɓen katako ne kuma babu kowa.

Ranar Talata ban bar ta ta taɓa goge ba. Shinpei ya kunna mana kiɗan Sveinung a waya, na riƙe ta muka yi ta zagaye. Rawa ba ta ba ta wuya ba. Kafin azahar ta daina taka ni. Ranar Laraba na zaunar da ita a kan akwati na ce ta buga ƙafa kawai. Ta ɗaga dunduniya ta sauke, katako ya amsa, sai na ji ta ce, “Yi haƙuri.”

“Wa kike ba haƙuri? Tumakin da ke kwana a ƙarƙashin nan suna kan dutse tun watan jiya.”

“Fitowa ya yi da kansa.”

“To mayar da shi. Sake.”

Alhamis ce ta fi wuya. In ƙafa ta zo yatsu su watse, in yatsu sun dawo ƙafa ta ɓuya. Ta yi ta fama har gashinta ya manne a goshi. Shinpei yana gefe yana ƙirga mata da yarensu, ta juyo ta faɗa masa wata kalma guda, ya fita ya je ya taya maƙwabcinmu gyaran shinge. Ban tambayi ma'anar kalmar ba, ni ma na yi aure.

Ranar Juma'a da hantsi abin ya haɗu. Ƙafa da goge suka tafi tare, tsuntsayen da ke sheƙa a rufin suka watse waje, ni kuma na tsinci kaina ina juyawa ni kaɗai da tsintsiya a hannu. A ranar Sveinung ya wuce ta ƙofar rumbun sau uku yana tura baro, kuma ba komai a cikin baron. A na ukun ya tsaya ya kira ni waje.

“Kin faɗa mata.”

“Na faɗa. Je ka kai ƙarata wurin Kittil.”

Ya tura baronsa ya yi gaba, amma a hankali, don ba ta gama taken ba.

Na ɗauka an gama. Ranar Asabar na kai ta ɗakin taro ta gwada kujerar, lokacin Bergit na goge tebura. Ta zauna, ta fara, dunduniyar ta sauka sau biyu da ƙarfi, na uku a hankali, na huɗu sai ka sa kunne. Kafin rabin take ƙafar ta koma gidan jiya. Muka sake, haka. Muka sake. Raina ya ɓaci, ba da ita ba, da wata tsohuwa da ban taɓa gani ba.

A mota na ce, “In kin ɗaga ƙafar, me kike gani?”

Ta ce, “A rumbu na san tumaki ne a ƙasa, kuma ba sa nan. Amma in gidan mutane ne, sai in ga Mitarai-san zaune da kofin shayinta, ta ɗaga kai tana kallon silin.”

Na ci gaba da tuƙi ina juya maganar a raina har muka isa gida.

Ranar Lahadi muka isa da rabin awa a hannu. Na ajiye Sveinung a bencinsa na kusa da taga, na karɓi makulli wurin Bergit, na kama hannun Chizuru muka zagaya bayan ginin. Akwai wata 'yar ƙofa a can da ke sauka ƙarƙashin ɗakin. Na kunna ƙwan fitila. Kujeru ne a ninke, da babbar tukunyar da ake dama kunun biki, da kwalayen kayan Kirsimeti.

“Duba da kyau,” na ce. “Leƙa bayan kujerun. Buɗe tukunyar ma. Akwai tsohuwa?”

Ta yi ɗan murmushi. “Babu.”

“Taɓa nan.” Na ɗora hannunta a ƙasa, inda ginin ya zauna kan dutse tsirara. “Daga nan har tsakiyar duniya ba kowa. In ma dukan ya ratsa ya ɓulla wajenta, daga ƙasa za ta ji shi, sai ta kai wa na hawa na biyu silifa.”

Ta yi dariya, amma na ga dariyar ba ta kai ƙafa ba. Sai na nuna mata sama. Katakon daɓen yana kan manyan gumagumai, da tazara tsakaninsa da dutsen wadda ta fi tsayin mutum.

“Kin san dalilin wannan ramin? Ba don kujeru aka yi shi ba. Mahaifinmu da maza goma sha ɗaya suka yi bazara guda suna jera katakon nan, suka bar ƙasansa fanko don ya amsa in an doke shi. Sau biyu suka ɓamɓare suka sake, wai bai yi ƙara yadda suke so ba. Ke kuma kin zo gidansu kina lallaɓa shi kamar mai ciwo. A wurinmu wannan ne rashin ladabi.”

Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon katakon. A sama ana jin takun mutane suna shigowa, kowane taku yana faɗowa kanmu da nauyinsa. Sai ta haɗa hannuwa, ta rusuna wa gumaguman nan, ta faɗi wani abu da yarensu.

“Me kika ce?”

“Na ba su haƙuri.”

“Kuma dai?”

“Na satin da ya wuce ne,” in ji ta.

Wannan karon ita aka fara ba kujera. Ta zauna, ta buɗe ƙafafu yadda masu goge ke yi, ta faɗi sunan taken. Sannan dunduniyar ta sauka.

Cokulan da Bergit ta jera a faranti suka yi tsalle. Na ji dukan ya bi ta katako ya hau ƙafar bencin ya shiga bayana. Eilev yana kai kofi baki. Ya ajiye shi bai kurɓa ba, ya miƙe, ya miƙa wa matarsa hannu ko kallonta bai yi ba, gwiwar ta warke. Biyu ke nan. Na zauna kan hannuwana. Malamar makarantarmu da mijinta suka fita. Huɗu. Na saci kallon Sveinung, ya ƙura wa taga ido sai ka ce akwai abin kallo a filin ajiye motoci. Wasu tsofaffi biyu da suka yi shekara ba su tashi ba suka dafa juna suka miƙe. Shida! Kafin in cire hannuwana an zama goma.

Shinpei ne mafi kusa da ni, yana ɗaukar hoto da waya. Na ƙwace wayar na ɗora kan waina, na ja shi fili. Ya iya taku, sai dai yana ba ni haƙuri duk juyi, na ce in ya sake zan jefa shi ta taga.

A kashi na biyu na taken yatsanta ya goce, ta tsallake wata lanƙwasa. Na ji, na san Sveinung ma ya ji. Satin da ya wuce da ta yi wannan kuskuren da ba ta ci abinci ba. Yau dariya take, gashinta ya kwance, dunduniyar tana sauka kamar mai sussuka, babu wanda ya ko waiga. Daɗi ya cika ni har na manta shekaruna, sai da ƙuguna ya tuna mini.

Ta ja bakan na ƙarshe ta ɗaga. Ba wanda ya tafa. Mutum ashirin da wani abu muna tsaye a fili muna haki, kowa riƙe da abokin rawarsa, muna kallonta.

“To?” in ji Eilev. “Me ake jira? Ko sai mun huce?”

Ta gyara gogen ta ɗaga baka za ta shiga wani taken. Sai aka ji sanda ta bugi daɓe sau biyu.

“Tsaya,” in ji Sveinung daga bencinsa. “Wa ya koya miki fara take ba suna? A titi kika tsince shi?”

Ta sauke bakan a hankali ta miƙe tsaye. “Daga hannun wa zan ce, Malam?”

“Au, akwai wani tsohon da kika yi shekara tara kina hana shi sakat da wasiƙu ban da ni?”

Aka yi dariya, ban da ita. Ta riƙe gogen a ƙirji da hannu biyu. Ta ɗaga murya yadda na can bakin ƙofa zai ji.

“Daga hannun Sveinung Uppigard. Shi kuma daga hannun Kittil Brekka, shi kuma daga hannun Tov Slettemo.”

Shekara sittin yana kiran sunayen nan biyu a ɗakin nan. Bai taɓa jin su a bakin wani da nasa a gaba ba. Ya buɗe baki, na san “ba laifi” zai ce, amma ba abin da ya fito. Ya dafa sandarsa ya miƙe, ya ce wa na kusa da shi bari ya je ya duba ko ya bar fitilar mota a kunne.

Dunduniyar ta sake sauka, Shinpei ya juya ni. Ta taga na hango yayana tsaye a rana kusa da motar, ya ba ɗakin baya, yana lalubar hankici da yatsun nan nasa da ba sa lanƙwasuwa. Motata ce, ni na tuƙo, kuma makullin yana aljihuna.